Gani Ya Kori Ji: Matsayin Sabuwar Gogayya Wajen Raya Hikimar Marubucin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk shekara idan lokacin tattara rubuce-rubucen wannan mujalla ya yi, mukan zauna gaban tarin gajerun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo waɗanda ɗalibanmu suka rubuta. Da yawa daga cikinsu Hausarsu ba ta da aibi, an kiyaye ƙa'idojin rubutu, an kuma yi ƙoƙari ta fuskar zubi da tsari. Sai dai akwai wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Idan mutum ya karanta labari na farko da na biyu, kafin ya yi nisa zai iya faɗin yadda sauran za su ƙare. Saurayi ɗan attajiri ne, gidansu yana Nasarawa a Kano ko Maitama a Abuja. Budurwa kyakkyawa ce 'yar talakawa. Uwar saurayi ta ce ba da ita ba. A shafin ƙarshe kuwa ko dai a ɗaura aure ko a yi hatsarin mota. Idan aka bincika wanda ya rubuta labarin, sai a tarar a Mubi ya tashi, ko Michika, ko Maiha, ko Hong, kuma bai taɓa kwana a irin gidan da yake siffantawa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hikimar marubuci tana rayuwa ne gwargwadon sababbin abubuwan da yake cuɗanya da su, kuma tana dusashewa a duk lokacin da ya koma yana ɗiban labari daga labarin wani. Za mu kafa hujja da tarihin adabin Hausa, sa'an nan mu dawo gida Mubi, domin mu ga ko marubucin da ke zaune a nan yana da uzurin cewa ya rasa abin rubutawa.

2.0 Ma'anar Sabuwar Gogayya

Kalmar gogayya daga "goga" ta fito, wato abu biyu su haɗu har kowanne ya bar alama a jikin ɗan'uwansa. Bisa ga haka, abin da muke nufi da sabuwar gogayya shi ne haɗuwar mutum da wani abu da ya saɓa wa abin da ya saba, har ya tilasta masa ya sake duba al'amarin da yake zaton ya riga ya sani. Kishiyarta ita ce sabo, wanda Bahaushe ya kira turken wawa. Sabo shi ke sa mutum ya bi hanya ɗaya shekara goma, amma idan aka tambaye shi launin ƙofar gidan da ke kan kwana sai ya yi shiru.

Kowane marubuci yakan fara da abin da ke cikin rumbunsa: tatsuniyoyin da ya ji yana yaro, da rigingimun gidansu, da soyayyarsa ta fari, da littattafan da ya karanta a makaranta. Wannan guzuri yakan isa littafi ɗaya, wani lokaci biyu. Daga nan sai ya zama kamar gonar da ake nomawa kowace damina ba tare da an kai mata taki ba. Manomi bai daina wahala ba, amma dami sai raguwa yake yi. Alamomin gajiyar gonar marubuci a bayyane suke ga mai tarke: taurari su riƙa kama da juna in ban da suna, siffantawa ta koma jerin kalmomin da aka hardace, jigo kuma ya zama an san warwararsa tun daga shafin farko.

Hanyoyin samun sabuwar gogayya, a ganinmu, huɗu ne. Akwai tafiya, akwai karatun abin da mutum bai saba karantawa ba, akwai sauraren mutanen da bai saba zama da su ba, sa'an nan akwai aukuwar da kan faɗo wa mutum ba tare da ya neme ta ba. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da shaida a tarihin adabinmu.

3.0 Shaidar Magabata

3.1 Alhaji Umaru Salaga

An haifi Alhaji Umaru a Kano wajen 1858. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, sa'an nan ya bi hanyar fatake zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta wancan zamani, wadda a yau take cikin ƙasar Gana. Yaƙin basasar da ya ɓarke a Salaga a 1892 ya watse da kasuwar, daga bisani malamin ya koma Kete-Krachi, garin da ya shiga hannun Jamusawa, inda ya rasu a 1934. Ya ga rushewar kasuwa, ya ga zuwan Turawa iri-iri, ya kuma yi hulɗa da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya rubuta wa bayanai da Hausar ajami game da tarihi da al'adun ƙasashen da ya sani.

Abin lura a nan shi ne yadda wannan rayuwa ta faɗaɗa jigoginsa. Rubutacciyar waƙar Hausa ta ƙarni na 19 ta fi karkata ga wa'azi da madahu da furu'a. Alhaji Umaru bai yar da wannan gado ba, amma ya ƙara masa waƙa a kan zuwan Nasara da kuma Waƙar Talauci da Wadata, inda ya dubi yadda jama'a ke wulaƙanta marar shi, suke kuma girmama mai shi. Irin wannan jigo sai wanda ya zauna a zango, ya ga attajirin jiya ya wayi gari ba ya da na sayen goro.

3.2 Abubakar Imam

Lamarin Abubakar Imam (1911–1981) ya fi kowanne koyar da darasi, domin ya haɗa hanyoyi biyu, kuma sakamakonsu ya bambanta. Yana malamin Makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiyawa da na Turawa, daga nan ne Magana Jari Ce ya fito cikin juzu'i uku. Sabuwar gogayyar Imam a wannan lokaci karatu ce, yana zaune wuri ɗaya. Amma bai kwafo ba. Labarin matar da ta cinye kajin da aka dafa wa baƙo, alal misali, yana cikin tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara, amma duk wanda ya karanta labarin Kalala da Kalalatu zai rantse a wani zaure na ƙasar Hausa abin ya faru. Imam ya san zauren, ya san baƙon, ya san irin maganar da maigida kan yi wa matarsa. Abin da ya aro ƙashi ne kawai. Tsoka da jini nasa ne.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1943 kuma ya tafi Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan tafiya ta haifi littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, ta kuma kaifafa alƙalaminsa a fagen jarida da siyasa. Duk da haka bai sake ba mu ƙagaggen labari mai girman Magana Jari Ce ba. Ke nan nisan tafiya kaɗai ba ya tabbatar da samuwar ƙagaggen labari. Dole sai an sami sukuni da niyyar mayar da abin da aka gani ya zama hikaya.

3.3 Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu

Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauci, ya je Babbar Kwalejin Yaba a Ikko a 1934, a lokacin da ɗan Arewa a can abin kallo ne, ya kuma sake komawa a 1948 yana sakataren jam'iyyar NCNC. Zaman da ya yi cikin 'yan siyasar Kudu shi ya ba shi damar hangen Arewa daga waje, kuma wannan hange ne ya ba waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya nauyin da take da shi, domin gargaɗi ne na wanda ya ga guguwar da ke tafe tun ba ta iso ba. Malam Aminu Kano ma, bayan ya yi karatu a Landan, ya rubuta labarin tafiya mai suna Motsi Ya Fi Zama, kuma sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna ra'ayinsa a kan wannan mas'ala.

Alhaji Aƙilu Aliyu kuwa a Jega aka haife shi a 1918, ya yi karatu a Kano, ya shafe shekaru masu yawa a Barno, sa'an nan ya dawo Kano. Wanda ya nazarci diwaninsa Fasaha Aƙiliya (1977) zai ga yalwar kalmomi da ta wuce ta karin harshe ɗaya. Muna ganin ba abin mamaki ba ne a ce mawaƙin da ya daɗe a cikin Barebari shi ne ya yi Hausa Mai Ban Haushi, domin mutum yakan fi jin ɗanɗanon harshensa, ya kuma fi jin zafin lalata shi, idan ya zauna inda ake magana da wani harshe. Wannan batu ya shafe mu ƙwarai a Mubi, kuma za mu dawo kansa.

3.4 Aliyu Namangi

Mai karatu yana iya cewa duk waɗannan mutane ne da Allah ya hore wa tafiya, to ina makomar wanda ba ya da kuɗin mota? Amsa tana ga Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, amma ya bar mana Waƙoƙin Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Abin da ido ya hana shi kunne ya ba shi. Siffanta halayen mutane da ke cikin Imfiraji ta mai saurare ce, wanda ya zauna cikin jama'a yana tsintar yadda suke magana da yadda suke cutar juna. Da keke ya zama sabon abu a ƙasar Hausa, bai ce wannan ba ruwan malami ba. Ya yi masa waƙar raha wadda har yau ake jin daɗinta. Makaho ya ga keke, alhali masu ido da yawa sun hau shi sun sauka ba su ga abin faɗi ba.

4.0 Ƙagaggun Labarai Daga 1978

Idan muka juya ga zube, za mu ga cewa littattafan da suka buɗe sabon babi su ne waɗanda suka shigo da wani ɓangare na rayuwa da ba a taɓa shigowa da shi ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo (1978) ya bi ɗan ƙauye zuwa birni, ya nuna yadda birni ke haɗiye shi. Gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya ta fito da wasu littattafai a 1982, cikinsu har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya shiga duniyar 'yan fasa-ƙwauri da jami'an da ke ɗaure musu gindi, da kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya kawo Maguzawa da ɓarnar makaman da suka saura bayan yaƙin basasa. Kowanne daga cikin waɗannan ya ba mai karatu abin da bai taɓa samu a littafin Hausa ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka sami ambaliyar littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, waɗanda aka yi ta muhawara a kansu a jaridu cikin shekarun 1990 tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. Adalci shi ne a ce na farkon wannan ayari su ma sabuwar gogayya suka kawo. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya, ta san abin da take faɗi a Wa Zai Auri Jahila? da kuma Alhaki Kuykuyo Ne, kuma kafin zuwan irinta rayuwar cikin gida daga bakin mace ba ta da yawa a ƙagaggen labarin Hausa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) ya karɓu ne saboda matasan Kano sun ga kansu a ciki. Matsalar ta faro ne daga masu bi musu baya, waɗanda suka ɗauki ƙwaryar labarin suka bar rayuwar da ta cika ta. Wani ya kwaikwayi wanda ya kwaikwayi wani, har aka wayi gari ɗalibi a Mubi yana rubuta kishin gidan attajirin Kano, wanda ya tsinta a littattafan da ake yaɗawa ta wayar hannu ko a fina-finai. Ji ne a kan ji, babu gani ko ɗaya a ciki.

5.0 Abin da Ke Ƙofar Gidan Marubucin Mubi

To, me marubucin Mubi yake da shi wanda na Kano ba ya da shi? Na farko shi ne tarihi. Jamusawa sun kama Mubi a 1903, ta zama wani yanki na Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ƙasar ta fita daga hannunsu, daga bisani ta koma ƙarƙashin riƙon amanar Ingila. Sai a ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu 1961 mutanen wannan yanki suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Daga nan aka shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Jihar Gongola a 1976, da Jihar Adamawa a 1991. Ke nan akwai dattawa a garin nan waɗanda aka yi ta sauya wa ƙasa da jiha alhali ba su sauya ɗakin kwana ba. Iyalin da kan iyaka ya raba biyu, wa a Nijeriya ƙane a Kamaru, jigo ne da ya isa littafi guda.

Na biyu shi ne cuɗanyar harsuna. A kasuwar Mubi ana jin Fulatanci da Hausa da harsunan Gude da Fali da Higi da Margi da Kilba da Njanyi, ga kuma Faransancin baƙi daga ƙetaren iyaka. Da yawa daga cikin ɗalibanmu Hausa harshe na biyu ne ko na uku a wurinsu, kuma mun lura sukan ɗauki wannan a matsayin naƙasu, su yi ta ƙoƙarin rubuta Kananci tsantsa har a bakin taurarin da ba su taɓa zuwa Kano ba. A ra'ayinmu wannan asara ce. Daidaitacciyar Hausa ita ce ta dace da muryar mai ba da labari, amma tsohuwa Bafulatana da ke sayar da nono, ko dillalin da ke lissafi da sefa da naira a lokaci ɗaya, kowanne yana da tasa Hausar, kuma ita ce za ta sa mai karatu ya yarda da shi. Haka nan karin magana da tatsuniyoyin Higi ko na Gude, idan aka sarrafa su da Hausa kamar yadda Imam ya sarrafa hikayoyin ƙetare, za su zame wa adabinmu sabon jini.

Na uku shi ne sana'a da muhalli. Kasuwar shanu ta Mubi tana cikin manya a wannan yanki na ƙasa, ana koro dabbobi zuwa cikinta daga Kamaru da Cadi, a loda su a manyan motoci zuwa Kudu. A cikinta akwai makiyayi da dillali da mai canjin kuɗi da direba da yaron mota da mai abinci, kowanne da yarensa na sana'a da dabarunsa da abin da yake tsoro. Ya kamata mu tuna cewa Cyprian Ekwensi, Ibo haifaffen Minna, aikin gandun daji ne ya kai shi cikin makiyaya, har ya rubuta Burning Grass (1962) a kan Fulani. Idan baƙo ya iya wannan, me zai hana ɗan da ya tashi yana jin kukan shanu? Haka kuma ga duwatsun Mandara da gonakinsu masu hawa-hawa, ga Sukur a ƙasar Madagali, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999 saboda fadar Hidi da hanyoyinta na dutse da tarihin narka tama. Daga ajinmu zuwa can tafiyar yini ɗaya ce, amma a rubuce-rubucen da ke zuwa mana da wuya a ga dutse ko ɗaya.

6.0 Aukuwa da Narkar da Ita

Hanya ta huɗu ita ce mafi nauyi, domin mutanen Mubi ba su neme ta ba. A daren 1 ga Oktoba 2012 an kashe ɗalibai da dama a unguwar Wuro Patuji. Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka kama garin, suka sauya masa suna zuwa Madinatul Islam, jama'a suka watse a ƙafa, wasu suka hau duwatsu, wasu suka ƙetara Kamaru, wasu suka nufi Yola, kafin a ƙwato shi cikin watan Nuwamba na shekarar. A 21 ga Nuwamba 2017 bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba. Babu wani gida a garin nan da waɗannan al'amura ba su taɓa ba. Waɗanda suke yara ƙanana a lokacin gudun 2014 su ne a yau suke zaune a azuzuwanmu.

Ba mu ce wajibi ne kowane ɗalibi ya rubuta wannan ba, kuma ba ma ganin laifin wanda zuciyarsa ba ta iya ɗauka ba tukuna. Chinua Achebe kansa, bayan yaƙin basasa, gajerun labarai da waƙoƙi ya iya yi. Tsakanin A Man of the People (1966) da Anthills of the Savannah (1987) shekara 21 ce ba tare da ya fitar da dogon ƙagaggen labari ba. Chimamanda Adichie kuwa, wadda aka haifa a 1977, shekara bakwai bayan ƙare yaƙin, ita ta rubuta Half of a Yellow Sun (2006) daga abin da ta saurara wurin iyayenta da abin da ta bincika. Abin da muke tsoro shi ne kada shirun ya zarce har masu ba da labarin su ƙare. Da aka fara gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Wannan ya nuna cewa mai karatun Hausa a shirye yake ya karɓi irin wannan jigo.

Sai dai a nan ma akwai hattara. Gogayya ɗanya ba adabi ba ce. Misali mafi kusa da mu shi ne kundin Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda aka riƙa rubuta masa da Larabci daga 1912 zuwa 1927, aka kuma buga fassararsa da Ingilishi a 1995. A cikinsa akwai hare-haren kamun bayi a kan mutanen duwatsu, da kyaututtuka, da zuwan Turawa, duk an jera su da kwanan wata kamar lissafin ɗan kasuwa. Kundi ne mai daraja ga masanin tarihi, amma babu muryar yarinyar da aka kama, babu abin da uwarta ta ji. Wannan giɓi shi ne wurin aikin marubuci. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashin malami a Bauci ya rubuta Shaihu Umar, bai ƙetare hamada ba, ba a kuma taɓa sayar da shi ba, amma ya rayu cikin mutanen da suka ga zamanin bauta, ya saurare su, ya kuma tsaya ya auna abin da uwa za ta ji idan aka raba ta da ɗanta. Saboda haka littafin yake taɓa zuciya har yau.

Narkar da gogayya tana bukatar abubuwa biyu. Na farko shi ne kiyaye ƙananan abubuwa, domin su ne shaidar gani: abin da mace ta ɗauka a hannu ranar gudu da abin da ta manta a kan murhu, ko yadda dillali ke duba haƙoran sa kafin ya buɗe baki. Na biyu shi ne haƙurin barin abu ya kwanta, har marubuci ya iya kallon kowane tauraro da idon adalci, har da wanda ba ya ƙauna. Marubucin Rasha Anton Chekhov ya ratsa Saiberiya a 1890 zuwa tsibirin Sakhalin, ya bi gida-gida yana ƙidayar fursunoni yana hira da su, amma sai da ya shafe shekaru kafin ya kammala littafin da ya rubuta a kan tafiyar.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa manyan marubutanmu kowanne yana da ƙofar da sabon abu ya shigo masa: Alhaji Umaru ta hanyar fatauci, Imam ta hanyar karatu, Sa'adu da Aƙilu ta hanyar zama a baƙuwar ƙasa, Namangi ta hanyar saurare. Mun kuma ga cewa duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke ga wanda ke zaune a Mubi, ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Kano ba.

Shawararmu ga ɗalibai ita ce kowanne ya mallaki ɗan littafin aljihu, ya keɓe yini ɗaya a mako ya zauna inda bai saba zama ba, ko kasuwar shanu ce, ko tashar mota, ko maƙera, ko gaban kakarsa, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji da kalmomin masu maganar. Ya kuma karanta abin da ya fita daga layin da ya saba, ko da tarihi ne ko fassara. Ga 'yan'uwanmu malamai kuwa, muna ganin lokaci ya yi da darasin ƙagaggen rubutu zai riƙa fita daga aji kamar yadda darasin adabin baka yake fita, a riƙa tura ɗalibai su tattaro kafin su ƙaga. A fitowa ta gaba ta wannan mujalla muna fatan samun labari ko da guda ɗaya wanda tauraronsa ya san hanyar Sahuda, ya kuma san farashin sa.